Mahaɗar Kwamfuta Mai Kafofi Da Yawa: Aikinta Da Iyakar Ƙarfinta

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa shagunan kayan lantarki na Sabon Garin Kano, ko ya bi ta Titin Beirut inda ake hada-hadar wayoyin hannu da kwamfutoci, zai ga wata 'yar na'ura rataye a cikin kwali, tsawonta bai kai na tafin hannu ba. Tana da gajeriyar waya guda ɗaya tak, amma jikinta duk kafofi ne iri-iri. A jikin kwalin akan rubuta cewa abu 6 ne a cikin 1, ko abu 8, wani lokaci ma fiye da haka. 'Yan kasuwa suna kiranta hob ko adafta. A wannan darasi za a kira ta mahaɗa, domin aikinta shi ne haɗa kwamfutar tafi-da-gidanka da sauran kayan aiki, kamar majigi da firinta da filash da linzamin kwamfuta da wayar intanet.

Tun daga shekarar 2015, lokacin da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta baki ɗaya kan kwamfuta, ɗalibai da malamai suka ƙara himmar mallakar kwamfuta. Sai dai sababbin kwamfutoci kafofinsu kaɗan ne, kayan aikin da ke makarantu kuwa yawancinsu tsofaffi ne masu buƙatar kafofin da aka daina sakawa. Mahaɗa ce ke shiga tsakani. Matsalar ita ce mutum kan sayo ta da kuɗinsa, ya isa gida ya tarar majigi ya ƙi nuna hoto, ko rumbun ajiya yana yankewa, ko kuma aikin da ya kwana yana rubutawa ya lalace. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, abin da aka ɗora mata ne ya fi ƙarfinta. Ka'idar da wannan darasi zai bayyana guda ɗaya ce: mahaɗa rabawa take yi, ba ta ƙara komai a kan abin da kafar kwamfuta ta ba ta.

Yadda Kafofi Suka Ragu

Kafin tsakiyar shekarun 1990, kowace na'ura da irin kafarta. Firinta tana da kafa mai haƙora 25, allon rubutu da linzami kowanne yana da 'yar kafa mai zagaye, allon kallo kuma yana da kafar VGA mai haƙora 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. Wannan ya sa bayan kwamfuta ya zama kamar saƙar gizo-gizo. A 1994 kamfanoni 7, wato Compaq da DEC da IBM da Intel da Microsoft da NEC da Nortel, suka haɗu domin samar da kafa ɗaya da kowace na'ura za ta iya amfani da ita. Cikin injiniyoyin da suka jagoranci aikin akwai Ajay Bhatt na kamfanin Intel. A watan Janairun 1996 aka fito da ƙa'idar farko ta USB. Waɗannan haruffa uku taƙaitaccen suna ne na Ingilishi da ke nufin hanya ta bai-ɗaya wadda saƙo ke bi a jere.

Saƙon kwamfuta ana auna shi ne da bit, wato alama ɗaya wadda ko dai 0 ce ko 1. Bit 8 su ne bait 1, wanda ya ishi a adana harafi ɗaya na boko. Kafar USB ta 1996 tana ɗaukar bit miliyan 12 a sakan. A shekarar 2000 aka fito da USB 2.0 mai ɗaukar miliyan 480, a 2008 kuma USB 3.0 mai ɗaukar biliyan 5. A 2013 aka kai biliyan 10, a 2019 kuma ƙa'idar USB4 ta kai biliyan 40. Ta ɓangaren hoto, an samar da HDMI a 2002 da DisplayPort a 2006, su biyun kuma saƙon lambobi suke aikawa, saɓanin VGA da ke aika hoto ta hanyar hawa da saukar ƙarfin lantarki.

Babban sauyi ya zo ne a watan Agustan 2014 da fitowar kafar USB-C, ƙarama mai siffar ƙwayar dabino da aka daddanne, wadda ake iya soka wayarta ta kowace fuska. Tana da haƙora 24, kuma an tsara ta yadda za ta iya ɗaukar abubuwa uku a lokaci guda: saƙo da hoto da wutar caji. A 2015 kamfanin Apple ya fito da wata kwamfutar MacBook mai kaurin milimita 13.1, wadda ba ta da kowace kafa sai USB-C guda ɗaya da ramin abin sauraro. Wasu kamfanoni suka bi sahu wajen rage kafofi domin kwamfutocinsu su zama sirara marasa nauyi. Daga nan ne kasuwar mahaɗa ta buɗe, har kayan suka iso Legas da Kano daga masana'antun ƙasar Sin.

Abin Da Ke Cikin Mahaɗa

Idan aka buɗe cikin mahaɗa, za a tarar da ɗan allo kore wanda aka liƙa wa ƙananan ƙwaƙwalen lantarki, irin waɗanda masu gyaran waya ke kira ayisi. Kowace da aikinta. Akwai wadda ke raba saƙon USB zuwa kafofi da yawa, akwai wadda ke juya hoto daga tsarin DisplayPort zuwa HDMI ko VGA, akwai mai karanta katin ajiya, akwai mai kula da wayar intanet, sa'an nan akwai mai sasanta sha'anin wuta tsakanin caja da kwamfuta. Abin lura shi ne, mai karanta kati da mai kula da intanet su ma na'urorin USB ne da aka riga aka soka ta ciki. Ke nan tun kafin mai ita ya soka komai, an riga an sami masu jiran rabo.

A tsarin USB kwamfuta ce shugaba. Ita ke ba kowace na'ura izinin aika saƙo, kamar yadda malami ke nuna ɗalibin da zai yi magana a aji. Da zarar an soka sabuwar na'ura, mahaɗa takan ji sauyin lantarki a kan wayar, ta sanar da kwamfuta. Kwamfuta sai ta tambayi baƙuwar ko wace ce, da irin aikinta, da yawan wutar da take buƙata, sa'an nan ta ba ta lambar adireshi. Wannan lamba bit 7 gare ta, wato tana iya ɗaukar siffa 128. Ana keɓe lambar 0 domin baƙuwar da ba a riga an yi wa rajista ba, saura 127. Wannan shi ne asalin zancen da ake yi cewa ana iya haɗa na'urori 127 a hanya ɗaya. Har wa yau ƙa'ida ta yarda a jona mahaɗa a jikin mahaɗa, amma kada su wuce 5 a jere. Sai dai samun adireshi daban, samun isasshen rabo daban.

Darasi Daga Jikin Ɗan Adam

Ɗalibin nazarin halittu ya riga ya san irin wannan tsari. Jinin da zuciya ke harbawa zuwa sassan jiki yana fita ne ta babbar jijiya guda ɗaya, wadda faɗinta ya kai kimanin santimita 2.5 zuwa 3 a jikin baligi. Daga gare ta rassa ke fita zuwa kai da hannuwa da hanta da ƙoda da hanji da ƙafafu. Idan mutum yana hutawa, zuciyarsa tana harba jini kimanin lita 5 a minti ɗaya. Rassan jijiya komai yawansu ba sa ƙara ko cokali ɗaya a kan wannan lita 5, rabawa kawai suke yi. Bayan cin abinci hanji kan sami kaso mai tsoka, idan kuma mutum yana gudu sai a rage wa hanji a ƙara wa tsokar ƙafafu.

Haka mahaɗa take: gajeriyar wayar nan tata ita ce babbar jijiya, kafofinta su ne rassa. Amma akwai bambanci ɗaya mai muhimmanci. Zuciya tana iya ƙara aiki idan buƙata ta taso, har ta ninka abin da take harbawa sau 4 ko 5 a lokacin motsa jiki mai tsanani. Kafar kwamfuta ba ta da wannan baiwa. Iyakar da aka ƙera ta da ita tun daga masana'anta, a nan za ta tsaya har ta tsufa. Saboda haka ya kamata a duba yadda ake raba abubuwan nan uku ɗaya bayan ɗaya.

Rabon Saƙo

A ɗauki kafa mai bit biliyan 5 a sakan. Kashi ɗaya cikin biyar na wannan adadi yana tafiya ne wajen tsara saƙon domin kada ya rikice a hanya, saura biliyan 4. Idan aka raba da 8, za a sami bait miliyan 500 a sakan. Fayil ɗin bidiyo mai bait biliyan 6 zai ɗauki aƙalla sakan 12 kafin ya wuce. Idan ta USB 2.0 ya bi, wadda iyakarta bait miliyan 60 ce a sakan, zai ɗauki aƙalla sakan 100, a aikace ma ya fi haka. To, idan rumbunan ajiya biyu masu sauri suna aika wa kwamfuta saƙo ta mahaɗa ɗaya a lokaci guda, wannan miliyan 500 ɗin za su raba tsakaninsu.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A cikin wayar USB 3.0 hanyoyi biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa: sabuwa mai sauri da tsohuwar nan ta miliyan 480. Duk na'urar da aka ƙera a kan USB 2.0 tsohuwar hanya za ta bi, ko da an soka ta a kafa mai sauri, ko da kuma sabuwar hanyar babu kowa a kanta. Linzami da allon rubutu saƙonsu kaɗan ne, ba sa damun kowa. Amma kyamara tana aika hoto babu ƙaƙƙautawa, don haka kyamarori biyu na USB 2.0 a mahaɗa ɗaya suna iya cunkushe hanyar, ɗaya ta ƙi buɗewa.

Rabon Hoto

Nan ne aka fi yin asara, domin kama da wane ba wane ba ne. Kafofin USB-C guda biyu suna iya zama iri ɗaya a ido, alhali ɗaya tana fitar da hoto, ɗayar kuwa saƙo kawai take ɗauka. Fitar da hoto ta wannan kafa zaɓi ne da aka bar wa mai ƙera kwamfuta, ba wajibi ba ne. Sai ya ja hanya daga sashen hoto na kwamfuta zuwa kafar, a kan wani tsari da ƙungiyar VESA ta fitar a 2014. Idan bai ja wannan hanya ba, kafar HDMI da ke jikin mahaɗa ba za ta nuna komai ba, komai tsadarta. Wasu kamfanoni sukan sa alama kusa da kafar: siffar harafin D mai P a ciki tana nufin DisplayPort, siffar walƙiya kuma takan nuna Thunderbolt, wanda ya koma amfani da USB-C tun 2015. Da yake ba kowane kamfani ke sa alama ba, kuma wasu suna amfani da walƙiya domin nuna caji kawai, takardar bayanin kwamfuta ita ce shaidar da ta fi inganci.

Ko da kafar tana fitar da hoto, akwai rabo. A cikin haƙoran USB-C akwai layuka 4 masu sauri. Yawancin mahaɗai sukan ba hoto layi 2, su bar wa saƙon USB 3.0 layi 2. A kan ƙa'idar DisplayPort 1.2, wadda kwamfutocin hannu da yawa ke da ita, layi 2 suna ɗaukar bit biliyan 8.64 a sakan. Yanzu sai lissafi. Allon kallo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo yana buƙatar bit 24 domin launinsa, kuma ana sabunta hoton sau 60 a sakan. Idan aka ninka, za a sami kusan biliyan 3, wanda layi 2 za su ɗauka cikin sauƙi. Babbar talabijin da ake kira 4K kuwa tana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato 8,294,400. A sau 60 tana buƙatar kusan biliyan 12, wanda ya zarce 8.64. A sau 30 tana buƙatar kusan biliyan 6, wanda zai shiga. Wannan shi ne dalilin da ya sa akan ga an rubuta 4K da manyan haruffa a jikin kwali, can ƙasa kuma da ƙananan haruffa an rubuta 30Hz. A sau 30 hoto yana fita sarai, sai dai motsin linzami kan yi kamar yana tsalle. Wasu mahaɗai sukan ba hoto dukkan layuka 4, amma a nan sai sauran kafofinsu su koma saurin USB 2.0.

Tsohuwar kafar USB mai kusurwa huɗu ba ta fitar da hoto ko kaɗan. Adaftar da ke juya ta zuwa HDMI dabara ce daban: sai an sa wa kwamfuta wata manhaja da za ta matse hoton ta aika shi a matsayin saƙo, kamar yadda fasahar DisplayLink ke yi. Tana da amfani wajen nuna rubutu da jadawali, amma tana ƙara wa kwamfuta aiki. Haka kuma a tuna cewa VGA hoto kawai take ɗauka, babu sauti. Malamin da zai nuna fim ɗin kimiyya ta tsohon majigi sai ya nemi lasifika daban.

Rabon Wuta

Ƙarfin wuta ana samunsa ne idan aka ninka bolt da amfiya, amsar kuma ita ce wat. Kafar USB 2.0 tana ba da bolt 5 da amfiya 0.5, wato wat 2.5. Ta USB 3.0 tana ba da amfiya 0.9, wato wat 4.5. Ta USB-C tana iya kaiwa amfiya 3, wato wat 15, amma ba kowace kwamfuta ke ba da hakan ba. Mahaɗar da ba ta da cajar kanta daga wannan ɗan abin take ci, ƙwaƙwalenta su ɗauki nasu, sa'an nan a raba saura. Rumbun ajiya mai faifai yana jan wuta sosai a lokacin da faifansa zai fara juyawa. Idan rabonsa bai ishe shi ba, sai a ji yana ƙas-ƙas, ya bayyana ya ɓace. Jin haka alama ce ta a cire shi nan da nan, a soka shi kai tsaye a jikin kwamfuta.

Mahaɗai da yawa suna da wata kafar USB-C ta musamman inda ake soka cajar kwamfuta, wutar ta ratsa ta cikinsu. Ƙa'idar da ke kula da wannan ta fito a 2012 da iyakar wat 100, a 2021 kuma aka ɗaga ta zuwa wat 240. Kafin wuta mai ƙarfi ta wuce, caja da kwamfuta sukan yi ciniki ta wasu haƙora na musamman, su daidaita a kan bolt ɗin da ya dace. Mahaɗa takan riƙe wani kaso domin kanta. Alal misali, idan caja mai wat 65 ce, takardar mahaɗa kuma ta ce tana riƙe wat 15, abin da zai isa kwamfuta wat 50 ne. Kwamfutar da ke buƙatar 65 za ta yi caji a hankali, ko batirinta ya riƙa raguwa idan aiki ya yi nauyi.

Akwai haɗari guda da ya shafi duk inda wuta ke yawan ɗaukewa ko ake sauyawa zuwa janareta. Idan caja ce ke ciyar da mahaɗa sai wuta ta ɗauke, dole kwamfuta ta karɓi aikin ciyarwar daga batirinta. A wasu na'urori wannan sauyi yana faruwa cikin ƙiftawar ido ba tare da yankewa ba, a wasu kuwa duk abin da ke jikin mahaɗar sai ya mutu ya sake tashi. Idan hakan ya faru ana tsakar kwafar fayil zuwa filash, fayil ɗin kan lalace, wani lokaci har da sauran abin da ke ciki. Maganin abin mai sauƙi ne: idan aiki mai muhimmanci ne, a soka caja a kafarta ta jikin kwamfuta idan akwai, ko a soka filash ɗin kai tsaye.

Ingancin waya ma abin kula ne. A 2015 wani injiniyan kamfanin Google mai suna Benson Leung ya shiga gwada wayoyin USB-C da ake sayarwa, ya gano da yawa ba su cika ƙa'ida ba. A farkon 2016 wata waya da aka jona wayoyin cikinta a juye ta lalata masa kwamfuta, a watan Maris na shekarar kuma kamfanin Amazon ya hana sayar da irin waɗannan wayoyi a dandalinsa. Idan haka ta sami masani a Amurka, mai saye a ko'ina ya kamata ya yi hattara.

Misali Daga Ɗakin Gwaje-gwaje

A ɗauka malamin nazarin halittu yana son nuna wa ɗalibai 60 ƙwayoyin halittar fatar albasa, alhali madubin likita ɗaya ne a makarantar. Yana da kyamarar da ake ɗora wa madubin, mai tsohon kan USB, da majigi mai kafar VGA kawai, da linzami marar waya, da kwamfuta mai kafar USB-C guda biyu. Tambayarsa ta farko ita ce ko kafofin nan suna fitar da hoto. Idan suna fitarwa, sai ya nemi mahaɗa mai kafar VGA, domin mai HDMI kaɗai za ta sa shi sayen wata adaftar. Ta fuskar hoto babu damuwa, tun da tsohon majigi ɗigonsa bai kai na lissafin farko da aka yi a sama ba. Ta fuskar wuta, idan kyamarar tana jan wat 2.5, linzami kuma abin da bai taka kara ya karya ba, mahaɗa za ta ɗauka. Idan ya ƙara rumbun ajiya mai faifai, lissafin zai iya rushewa, sai ya kai shi kafa ta biyu.

Saura abu ɗaya. A 2012 kamfanin Intel ya wallafa bayanin cewa saƙon USB 3.0 yana fitar da hayaniyar rediyo a daidai zangon da linzami marar waya ke amfani da shi, wato gigahaz 2.4. Idan linzamin ya fara sarƙewa bayan an soka filash mai sauri kusa da ɗan makarɓinsa, sai a nisanta su da juna. Ba sai an sayi sabon linzami ba.

Kafin A Biya Kuɗi

Fagge tsohon zangon fatake ne a wajen ganuwar Kano, Sabon Gari kuma ya kafu wajen 1913, jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa. Har yau yankin, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, matattarar kaya ce daga nesa, kuma a nan mai kyau da marar kyau suke zama a kanta ɗaya. Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka shekarunsu sun bambanta ƙwarai, shi ya sa mahaɗar da ta yi wa wani aiki ba lalle ta yi wa maƙwabcinsa ba. Ga matakan da ya kamata mai saye ya bi:

1. Ya fara ƙirga kafofin kwamfutarsa. Kwamfutocin ofis na shekarun baya da yawa suna da HDMI ko VGA da kafar intanet a jikinsu, mai irinsu wataƙila waya kawai yake buƙata.

2. Ya rubuta lambar samfurin kwamfutar, ya nemi takardar bayaninta, ya tabbatar ko kafar USB-C ɗinta tana fitar da hoto, kuma ko tana karɓar caji.

3. Ya tafi kasuwa da kwamfutarsa da filash ɗinsa, ya roƙi mai shago a gwada kowace kafa a gabansa, har da ta hoto. Gani ya kori ji.

4. Ya haska cikin kafofin USB masu kusurwa huɗu da fitilar waya. Ta USB 2.0 haƙora 4 gare ta, ta USB 3.0 kuwa 9. Shuɗin launi kaɗai ba hujja ba ne, domin roba ce da kowa zai iya rinawa.

5. Ya karanta ƙananan haruffa: 30Hz ne ko 60Hz, wat nawa ke wucewa, wat nawa ake riƙewa.

6. Ya karɓi rasit, su kuma yi magana a kan canji idan kaya ya ƙi aiki.

Bayan saye, a tuna cewa mahaɗa tana ɗumi idan tana aiki, musamman mai juya hoto. A zafin bazara na Kano, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40, kada a ɗora ta a kan katifa ko a rufe ta da littattafai. Jikin alminiyam yana taimakawa wajen fitar da zafi. A lokacin hunturu kuma ƙura kan toshe kafofi, don haka a riƙa ajiye ta cikin jaka, kuma kada a sa allura ko wani ƙarfe wajen sharewa.

Kammalawa

A 2022 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta wajabta kafar USB-C domin caji a kan wayoyin hannu daga 28 ga Disamban 2024, a kan kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma daga 28 ga Afrilun 2026. Da yake kaso mai yawa na kwamfutocin hannu daga can suke zuwa, wannan kafa za ta ƙara yawa a shagunan Fagge da Sabon Gari. Amma dokar caji ta shafa, ba ta wajabta fitar da hoto ko wani saurin saƙo ba. Ke nan buƙatar bincike tana nan daram. Ɗalibin da ya iya ninka bolt da amfiya, ya kuma iya lissafa bit ɗin da allon kallo ke buƙata, zai iya sanin abin da mahaɗa za ta ɗauka tun kafin a buɗe kwalinta.

Aikin Aji

1. A zana babbar jijiyar jini da manyan rassanta, a zana mahaɗa da kafofinta a gefe. A kawo kamanni biyu da bambanci ɗaya.

2. Allon kallo yana da ɗigo 2560 a kwance da 1440 a tsaye. Bit nawa yake buƙata a sakan idan ana sabunta hotonsa sau 60, kowane ɗigo kuma bit 24? Shin layi 2 na DisplayPort 1.2 za su ɗauka?

3. Kafa tana ba da bolt 5 da amfiya 0.9. Mahaɗa tana cin wat 1, kyamara wat 2.5, filash wat 0.5. Wat nawa ya rage? Me zai faru idan aka ƙara rumbun ajiya mai buƙatar wat 4?

4. Me ya sa adireshin USB ya tsaya a 127 maimakon 128?

5. Da izinin malami, ɗalibai su duba kwamfutocin makarantarsu, su rubuta sunan kowace kafa da aikinta, sa'an nan su faɗi wace irin mahaɗa ce za ta dace da majigin makarantar, ko kuwa ba a buƙatarta sam.